Tambaya da Amsa: Na'urar Gano Hayaƙi a Sabon Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai karatunku ce daga Tumfure a Gombe. Muna ginin bene ni da maigida, an kai wajen sa fayif ɗin wuta ba a yi filasta ba tukuna, sai ƙanina yace mu sa na'urar nan mai ƙara in ta ji hayaƙi, irin waɗanda ake haɗawa da juna, shi kuma mai wayarin yace ɓarnar kuɗi ce, guda ɗaya mai batir a falo ta isa. Wa zan bi? Kuma ni fa kullum sai nayi turaren wuta.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa a gama lafiya a shiga a sa'a. Ki bi ƙaninki. Kinga in gobara ta tashi a falon ƙasa ƙarfe biyun dare, ke kina sama kin kulle ƙofa ga fanka ko AC na aiki, wallahi ba lallai ki ji ƙarar guda ɗayan nan ba, kuma hayaƙi ne ke fara kashe mutane a barci kafin wutar ta iso. Amma in an haɗa su, da ɗaya ta ji hayaƙi duka gidan zasu ɗauki ƙara lokaci guda, har wadda ke saman gadonki.

Kuma yanzu ne lokacinsa, tunda ba a yi filasta da POP ba. Ki ce ma mai wayarin ya ja fayif daga akwatin fis zuwa na'ura ta farko, daga nan zuwa ta biyu, haka har ta ƙarshe. Bayan wayoyi ukun da aka saba, wato wayar wuta da nitiral da ta ƙasa (earth), akwai ƙarin waya ɗaya da ke bi ta cikinsu duka, ita ce ke kai saƙo, kuma ita ce masu aiki suka fi mantawa. Kada layin ya bi ta makunni, don kar yaro ya kashe shi bai sani ba. Duk su zama na kamfani ɗaya, kowacce da batir ɗinta a ciki don in an ɗauke wuta ta ci gaba da gadi.

Wajen saye a duba jikinta da kyau. Wutar Najeriya 230V ce, ta Amurka kuma 120V, in aka jona na'urar da aka yi wa wutar Amurka a nan ƙonewa zata yi. A nemi mai 230V kamar na Ingila.

A sa ɗaya a kowane ɗakin kwana, ɗaya a koridon da ke gaban ɗakunan, ɗaya a saman matakala, sannan falon ƙasa. A silin ake kafa ta, a bar kamar santimita 30 daga bango da ƙwan fitila, kusan mita 1 daga bakin fiffiken fanka saboda iska na kore hayaƙin. Kicin kuma kar a sa mai hayaƙi, suyar ƙosai kaɗai zata tada ta, akwai mai jin zafi wadda ke ƙara in ɗumi ya kai wajen digiri 58, ita ake sawa a haɗa da sauran.

Batun turaren wuta, eh gaskiya zai iya tada ta in kika ajiye kasko daidai ƙarƙashinta ɗaki a rufe. Ki matsar da kaskon wajen taga, in ta yi ƙara akwai maɓallin da ake dannawa tayi shiru na ƴan mintuna. Abinda nake roƙonki shine kar a cire batir don haushi, gidaje da yawa a nan aka bar su da na'ura a silin wadda bata aiki.

A bar murfin ledar da take zuwa da shi har a gama fenti da goge POP, sannan a cire. Lokacin hunturu ƙurar Gombe na shiga ciki, a riƙa share ta. A danna maɓallin gwaji duk wata a tabbatar duka sun amsa, in ta shekara 10 a canza. Hayaƙin janareta kuma wannan bata jin gubarsa, na'urarsa daban ce, kuma jen ɗin a waje zai zauna nesa da taga.