Me tarihin Yahudawa yake koya wa Kirista game da bege?

Tambaya: Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Rikici ya raba mu da ƙauyenmu, yanzu muna raɓe a gari wurin dangi. A coci ana yawan karanta mana Irmiya 29:11, cewa Allah yana da kyakkyawan nufi dominmu. Amma ai Yahudawa aka yi wa wannan magana. Ina ruwanmu da tarihinsu, kuma ta yaya zai ƙarfafa zuciyar mutum irina? Daga wata 'yar'uwa a Filato.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ku haƙuri, ya share muku hawaye. Gaskiyarki, Yahudawa aka rubuta wa ayar, kuma sai kin san halin da suke ciki a lokacin za ki ga nauyinta.

A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashe sarki Yehoyakin da fādawansa da maƙera da masu sana'a daga Urushalima zuwa Babila. Su ne annabi Irmiya ya aika wa wasiƙar da ke sura ta 29. A wannan zamani, kamar yadda sura ta 28 ta faɗa, akwai wani annabi, Hananiya, wanda ya tsaya cikin Haikali ya ce kafin shekara biyu kowa zai dawo gida. Magana ce mai daɗin ji, amma ƙarya ce. Saƙon Irmiya kuwa mai ɗaci ne: zaman zai kai shekara saba'in. Ya ce su gina gidaje, su yi lambuna su ci amfaninsu, su aurar da 'ya'yansu, har su roƙa wa birnin da ya bautar da su zaman lafiya. Bayan wannan ne ayar da ake karanta muku ta zo. Yawancin manyan da suka saurari wasiƙar a Babila aka binne su. Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ji ana ɗaukar ayar kamar alkawarin cewa gobe da safe wahala za ta ƙare.

Al'amarin ma ƙara muni ya yi. A 586 aka rushe Urushalima, aka ƙone Haikali. Amma dubi abin da Irmiya ya yi ana tsakiyar yaƙin, a sura ta 32. Sojojin Babila sun kewaye birni, shi kansa yana tsare a farfajiyar matsara a gidan sarki Zadakiya, sai ga ɗan baffansa Hanamel ya zo sayar masa da gona a Anatot, garinsu. Wa zai sayi gona ranar da ƙasa take faɗuwa? Irmiya ya auna masa shekel 17 na azurfa, ya sa hannu a takarda, ya kira shaidu, ya miƙa wa Baruk magatakardansa, ya ce a adana takardun cikin tukunyar ƙasa don su daɗe, gama Allah ya ce za a sāke sayen gidaje da gonaki a ƙasar. A wurina babu hoton bege da ya fi wannan cikin Tsohon Alkawari.

Irmiya bai ga cikar maganar ba, domin daga baya mutanensa suka tafi da shi Masar. Amma a 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, ya ba Yahudawa izinin komawa. Ezra 3 ta ce ranar da aka aza harsashin sabon Haikali, matasa na sowa, tsofaffin da suka ga na farko suna kuka da ƙarfi, har ba a iya bambance muryar murna da ta kuka. Aka gama ginin wajen 516, kusan shekara saba'in bayan rushewar.

To ina ruwanmu? Bulus ya amsa a Romawa 15:4, inda ya ce abin da aka rubuta tun dā don koyarwarmu ne, domin ta wurin jimiri da ƙarfafawar Littattafai mu kasance da bege. Ba a yi mana alkawarin shekara saba'in ko wata rana takamaimai ba, amma Allahn da ya riƙe maganarsa gare su shi ne muke kira Uba. Akwai kuma wata alaƙa ta kusa. Yehoyakin ɗin nan, wanda daga zuriyar sarki Dauda yake, ya kai shekara ta 37 a tsare kafin a fito da shi daga kurkuku, kowa na ganin gidan Dauda ya ƙare. Buɗe Matiyu sura ta 1, za ki tarar da ɗaya sunan nasa, Yekoniya, cikin kakannin Yesu. Ta tsakiyar wannan zaman bauta zuriyar Mai Ceto ta ratso.

Saboda haka kada ki ji kunyar kukanki. Littafin Makoki a kan kangon Urushalima aka rubuta shi, kuma a tsakiyarsa ne aka ce jinƙan Ubangiji sabo ne kowace safiya. Ki sa yara makaranta a inda kuke, ki kama sana'a ko ƙarama ce, ki yi wa garin da ya karɓe ku addu'a. Idan kuna da takardun gonakinku, ki adana su da kyau. Wanda kuma ya zo ya yanka miki ranar komawa da sunan annabci, musamman idan ya nemi kuɗi a kai, ki karanta Irmiya 28 kafin ki ba shi amsa.