Waiwaye da ƙulli: amsar wasiƙa daga Yamai

Wata baiwar Allah ta rubuto daga unguwar Bukoki a Yamai. Majami'arsu na cikin waɗanda aka ƙona ranar 17 ga Janairun 2015, washegarin tarzomar Damagaram. An sake gini, ta ce ta yafe, amma har yau in ta ji ƙaurin taya sai gabanta ya faɗi. Wata dattijuwa ta ce mata "kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba", maigidanta kuwa cewa yake "waiwaye adon tafiya". Wanne za ta kama? Kuma wanda bai manta ba, ya yafe kuwa?

'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Wasiƙarki ta daɗe a raina kafin in ɗauki alƙalami.

Karin maganar farko ana yawan ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Ba hani ba ne. Lura ce irin ta manomi: mutum ba ya ta zancen damanar bara sai in rumbun bana bai cika ba. Bai ce tunawa laifi ce ba.

Na biyun ya fi zurfi. Waiwaye aikin wuya ne, ƙafa kuwa tana kan hanya. Da zarar ƙafar ta tsaya, tafiya ta ƙare, to adon me kuma? A nan nake ganin matar Lutu, wadda ta dubi baya ta zama gishiri, har Yesu ya ce a tuna da ita (Luka 17:32). A fahimtata ba wuyanta kaɗai ya juya ba, zuciyarta ce ba ta baro Saduma ba. Haka mai garma da ya duba baya a Luka 9:62; duk wanda ya taɓa huɗa ya san yadda kunya ke karkacewa in ido ya koma baya.

Amma kalmar da ta fi dacewa da tambayarki ita ce ƙulli. Muna cewa wane ya ƙullace ni, ko yana da riƙo. Dubi yadda iyayenmu mata ke ƙulle kuɗi a bakin zane: abin da aka ƙulle, ajiya ce don ranar biya. Yafewa kwance wannan ƙullin ne, ki ce ba ki bin kowa bashi. Mantuwa kuwa ba aikin ganin dama ba ce, shi ya sa muke cewa "mantuwa ta kama ni". Ita "gafara" daga Larabci muka aro ta, tushenta rufewa. Ai ba a rufe abin da babu shi.

Yusufu ya raɗa wa ɗansa na fari suna Manassa, domin Allah ya mantar da shi wahalarsa (Farawa 41:51). Duk da haka, ranar da ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa cikin kuka, ya faɗa musu a fili cewa shi ne wanda suka sayar. Labarin yana nan daram, dafin ne ya fita. Bulus ma da ya ce yana mantawa da abin da ke baya (Filibiyawa 3:13), a sura guda ɗin ya ambaci yadda ya tsananta wa ikilisiya. Jibin Ubangiji da kike ci, tunawa ce da daren da aka ci amanar Yesu. Kuma da ya tashi daga matattu, da tabon ƙusa ya miƙa wa Toma hannu.

Saboda haka faɗuwar gaban nan ba shaidar riƙo ba ce, tabo ne. Abin da za ki tambayi kanki shi ne: in kin haɗu da ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙona majami'arku a kasuwar Wadata, za ki iya amsa gaisuwarsa, ki roƙa masa alheri? Kada ki manta kuma da maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a gidajensu a ranakun nan. Wannan ma bara ce, kuma ta cancanci waiwaye.

Wani ɗalibi daga Tawa kuma ya tambaya ko "mance" kuskure ne, tunda a littattafai "manta" ya fi gani. Ba kuskure ba ne, ɗana, duka biyun Hausa ce. Kamar yadda a Adar kuke cewa "yahe" da "tahiya" inda Bakano zai ce "yafe" da "tafiya", rubuta abinka yadda kakarka ke faɗa.