Ga mai son a narka 'yan kunnen mamanta a yi mata kuros

'Yar'uwa da na karanta tambayarki, wai kina son kai 'yan kunnen gwal na marigayiya mamanki a narka a ƙera miki kuros na wuya kina tambayar yadda ake yi, sai da gabana ya faɗi, don ni ma hanyar da na bi ke nan.

Nawa awarwaron mama ne, karat 21. Na ɗauka na miƙa wa wani maƙeri ko sikeli ban ce a ɗora ba saboda yana ta ce min Anti Anti, ya ce in dawo bayan sati biyu. Kuros ya fito yana ƙyalli har na sa shi zuwa coci, wata uku ba a yi ba ya fara dushewa yana ja. Na kai wa wani mai gwal ya goga a baƙin dutsen nan na gwada gwal ya ɗiga asid, ya ɗago ya kalle ni ya ce wannan ko 14 bai kai ba, jan ƙarfe aka cika masa. Na koma wurin maƙerin ina kuka, ko tashi bai yi ba, yana ta goge wata sarƙa ya ce wai wuta ce ta ci. Wuta ba ta cin gwal! Har yau ina jin muryarsa.

Aikin a gabanki ma zai yiwu. Maƙerin narkawa zai yi ya zuba ya zama ɗan sanda, ya buga ya yi faɗi, ya yanka siffar da siririn zarto, ya bi da magagari, sannan ya liƙa zoben da sarƙa ke shiga. In mai ado kike so sai ya fara sassaƙa shi da kakin zuma, ya lulluɓe da laka, ya gasa kakin ya tsiyaye, ya zuba gwal a gurbin. Ki duba zoben nan sosai, nan yake fara tsinkewa.

Don Allah a auna a gabanki ya rubuta giram da karat a takarda. Zai ɗan ragu wajen guga, ku yi maganar tun farko. A lambar da ake bugawa jikin gwal, 875 shi ne karat 21, 750 kuma 18, amma lamba kowa na iya bugawa, ki kai wani wuri a gwada.

Kuma ki bar ɗan kunne ɗaya kar a narka. Ni yanzu ba ni da ko abu ɗaya da ya taɓa jikin mama.