Kyamarar lafiyarta ƙalau, a oto ka bar ta

Ka ce a wunin bikin nan ka ɗauki amarya da ƙawayenta a wuri ɗaya, amma da ka jera hotunan sai ka ga ankon nasu yana rikiɗa, nan shuɗi, nan kore-kore, fuskar amarya nan ta yi haske nan ta yi duhu. Har kana tambayata ko kyamarar ce ta fara lalacewa. Kai yaro, lafiyarta ƙalau. A oto ka bar ta, wato ita ke saita kanta, ba sai ka faɗa mini ba.

In ka sakar mata wuƙa da nama, duk latsawa sai ta sake lissafi. Ma'aunin haskenta abu ɗaya ya sani, ya mayar da duk abin da ya gani ruwan toka. Dattijo ya shigo da farar babbar riga, ta rage haske, fuskoki su dushe. Wata ta gifta da baƙin mayafi, ta ƙara, goshin amarya ya ƙone. Ka mayar da ita manuwal, wato kai ke saita ta da hannu, ka kulle ISO (ƙarfin jin haskenta) da buɗin ido da shata (saurin buɗewa da rufewarta), kada ka taɓa sai hasken wurin ya canja. Yadda ake saita su kuwa ba zan maimaita ba, wanda ya shekara yana riƙe mini jaka ya kamata ya sani.

Launi shi ne abin da ya taɓa cin mini kuɗi, kuma har gobe abin yana raina. Wani mai sayar da shadda a Kantin Kwari ya kira ni in ɗauki hoton kayansa, launi-launi, don ya riƙa tura wa abokan cinikinsa na Nijar da Chadi. Na ce a kawo situdiyo, ya ce kayansa ba sa fita daga shago. Na kwashi fitilu na je. Shagon haske uku ne a gauraye: rana tana shigowa ta ƙofa, doguwar fitila a sama tana zuba kore, ga wani tsohon ƙwai ja-ja a lungu. A Kelbin, ma'aunin launin haske, rana tsaka wajen 5500 take, irin wannan ƙwan wajen 3000, inuwa kuma ta haura 7000. Babu kyamarar da za ta daidaita fari a cikin wannan haɗin. Na sa aka kashe nasu duka, aka ja ƙofa, na bar filashata kaɗai. Na ɗora katina mai ruwan toka na kashi 18, wanda ake daidaita launi da shi, a kan turmin farko na ɗauka, na kulle launin a kansa. Kowane turmi wuri ɗaya, nisa ɗaya. Shadda ƙyalli gare ta, in ka karkata ta kaɗan sai ta ba ka wani launi, don haka da kaina na riƙa shimfiɗawa, cikin zafi, ƙofa a rufe, tun hantsi har la'asar.

Na kai masa aiki tsaf. Ya buɗe a wayarsa, ya yamutsa fuska, wai shuɗinsa ya koma kore, farinsa ya koma ruwan madara. Ina leƙawa na ga ya kunna abin nan na kare ido da ke sa allon waya ya yi rawaya. Na kashe, launi ya dawo, ya ce shi dai yadda ya saba ganin wayarsa ya sani. Na roƙe shi ya zo da ƙyallen ya ajiye kusa da allon kwamfutata, wanda nake daidaita shi da na'ura. Bai zo ba. Cikon kuɗina ya hana, kuɗin motar da na kashe ma ban mayar ba. Bayan 'yan makonni wani abokina ya nuna mini hotunan nan a shafin mutumin, an yanke sunana daga ƙasa, yana ta ciniki da su. Har wani yana yabonsa a ƙasa cewa kayan da ya aiko masa daidai suke da hoto. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ku yaran yanzu abin da ke damuna da ku, kun ɗauka komai filta za ta gyara. Ku harba hoto ɗari biyar a oto, ku kwana kuna shafa wa kowanne launinsa daban, ku wayi gari da albam mai kala goma. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba. Duk sanda aka tashi daga tsakar gida aka shiga ɗaki, ko wuta ta ɗauke aka tada janareta, ka sake ɗaukar katin, domin haske ya zama wani. A Lightroom, manhajar gyaran hoto, ka gyara hoto ɗaya daga kowane wuri, ka kwafa gyaran a kan sauran 'yan'uwansa, ka fitar da su a sRGB, tsarin launin da yawancin wayoyi da kwamfutoci ke aiki da shi. In kana ƙarƙashin doguwar fitila babu filasha, wutarmu hertz 50 ce, wato sau 50 take kai-komo a daƙiƙa, fitilar tana ƙiftawa ido bai gani. Ka bar shata a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, in ka haura za ka ga hoto ɗaya kore, na kusa da shi ruwan hoda.

Hotunan wunin nan ka kawo mini gobe da safe in ga abin da zai ceto. Kuma kada ka tura wa uwar amarya ko ɗaya sai ta cika kuɗi.