Ƙuri'ar makarantar yaron nan ba caca ba ce

Ɗiyata, na ji saƙonki. Kin ce surukarki ta hana ki saka sunan yaron a makarantar "cata" da ke kusa da ku a Bironks ta birnin Niyok, irin makarantun nan da gwamnati ke biya amma ba ita ke gudanar da su ba, wai ƙuri'a ake jefawa, ita kuma ba a yi mata caca da jika. Ki gaishe ta da kyau, ki ce kawunki ya ce caca sai an zuba kuɗi wani ya cinye na wani. Nan ko sisi ba a karɓa. Yara ne suka fi kujeru yawa, sai a cike takarda kafin 1 ga Afrilu, a zaro sunaye. Mu ma a gida in an raba gona kashi-kashi, ai da ƙuri'a ake raba gardamar magada.

Amma rigimar da ke kan makarantun nan ta fi wadda Hajiya ta hango. Kuɗin gwamnati ne, masu gudanarwa kuwa 'yan kasuwa ko ƙungiyoyi ne da aka ba takardar izini ta wasu shekaru. Abin mamaki, shugaban wata ƙungiyar malamai ta Amurka, Albert Shanker, shi ya tallata shawarar a 1988, yana so a ba malamai fili su gwada dabarunsu. Jihar Minesota ta yi doka a 1991, Niyok a 1998. Kafin Shanker ya rasu ya juya wa abin baya, ganin inda aka nufa da shi.

Kuɗin yana bin yaro ne. In ɗalibai hamsin suka bar makarantar unguwa, kasonsu ya tafi, amma rufin da ke yoyo da kuɗin wuta suna nan. Na taɓa kai jikana wani gini da makarantu biyu ke zaune a ciki: hawa na uku sabon fenti da allon zamani, hawa na biyu kujeru a karye, yaran kuma matakala ɗaya suke bi. Ranar ban ci abincin kirki ba. A Niyu Olins kuwa, bayan guguwar Katrina ta 2005, an sallami ma'aikatan makarantu wajen 7,000, kusan duk makarantun garin suka koma hannun masu izinin nan.

Kada ki ɗauka faɗan jam'iyya ne kawai. Obama ya goya musu baya, Betsy DeVos, sakatariyar ilimi ta zamanin Trump na farko, ma haka. Ƙungiyar NAACP ta baƙar fata ta nemi a dakatar da buɗe sababbi a 2016, alhali iyaye baƙar fata ne ke cika layin neman gurbi. Ni ban ga laifin uwar da ta gaji da jiran gyara ba.

Don haka ki saka sunansa. In ya fito, ki je da ƙafarki. Ki tambaye su yara nawa suka fara aji ɗaya, nawa suka kai aji biyar, kuma ina sauran. Ki tambayi yadda suke yi da yaron da Turancinsa bai nuna ba, don wasu da yawan kira da dakatarwa suke gajiyar da iyaye har su janye ɗansu da kansu. Ki kuma duba kalandarsu: makarantun gwamnatin birni suna rufewa ranar salla tun 2015, su kuwa waɗannan kowace da nata tsarin. Wannan ita ce tambayar da Hajiya za ta fara yi miki.