Dalilin da bango ke karkacewa a hoton ɗaki

Malam, ka tambayi abin da ya sa hotunan sabon gidan da ka kammala a Birnin Kebbi suke fitowa da duhu, bangon kuma kamar zai faɗi, alhali kana son nuna su ga masu neman haya.

Karkacewar bango daga riƙon kyamara take. Da zarar ka ɗaga bakinta sama domin silin ya shigo, layukan da ke tsaye sai su riƙa haɗuwa, musamman idan ka sa kyamarar wayar a kan 0.5, wato gilashin da ke ɗauko wuri mai faɗi, domin wannan gilashin yana faɗaɗa ɗaki amma yana miƙe kujerun da ke gefe. Ka riƙe ta daidai ƙirjinka, ka kunna layukan da ke raba allo gida tara, sannan ka daidaita ɗaya da gefen ƙofa. Tsayawa a kusurwar falo ya fi tsayawa tsakiya.

Batun haske kuwa, ka guji tsakar rana, lokacin da taga ke zama fari fat, tayil kuma yana ƙyalli kamar an zuba ruwa. Da hantsi ko bayan La'asar ka buɗe labule, ka kashe ƙwayayen lantarki, saboda haɗa haskensu da na rana yana ɓata launin fenti. Ka tsayar da fanka, ka kwashe buta da takalma, ka goge gilashin kyamarar, domin ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta dusashe hoto. Gaban gidan kuma, ni na fi son ɗaukarsa dab da Magariba, fitilu a kunne.