Mu sayar da gona mu sayi sabon maganin?

Tambaya: Mahaifiyarmu na fama da sankarar mama shekara uku ke nan. Hoton da aka ɗauka kwanan nan ya nuna ta kai ƙwaƙwalwa. Wani ya ce zai kawo mana wani magani mai suna tucatinib daga Indiya, amma sai mun sayar da gonarmu. Mu saya? Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Kada ku taɓa gonar nan tukuna. Ku fara duba takardar gwajin tsokar da aka yanka mata, ku nemi inda aka rubuta HER2, wato wani sinadari da ke sa wasu nau'o'in sankarar mama saurin girma. Tucatinib na aiki ne kawai ga sankarar da gwaji ya nuna tana da HER2. In ba a yi gwajin ba, shi ne abin da za ku fara kashe wa kuɗi.

Abin da ya sa ake ta maganar wannan magani shi ne, ƙwaƙwalwa na da wani shinge a jijiyoyin jininta da ke tare yawancin magungunan kemo. Tucatinib na iya ratsawa. A wani bincike mai suna HER2CLIMB, wanda ya haɗa marasa lafiya 612, kusan rabinsu cutar ta kai ƙwaƙwalwa. A cikin waɗannan, masu shan sa sun rayu kimanin wata 18, waɗanda ba su sha ba kimanin 12. A kan wannan ne Amurka ta amince da shi a 2020. Wato yana ƙara kwana da yardar Allah, amma ba ya warkarwa. Kuma ba shi kaɗai ake sha ba, sai an haɗa da wasu magunguna biyu, trastuzumab da capecitabine, wata bayan wata. Kuɗin gona ɗaya na iya ƙarewa tun tafiya ba ta yi nisa ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Ku tambayi likitanta batun gashi da inji, wato ƙona sankarar da haske (radiotherapy). Sau da yawa shi ake fara yi idan cutar ta kai ƙwaƙwalwa, kuma asibitin koyarwa na Shika da Asibitin Ƙasa na Abuja suna da sashensa. Ku kira ku ji ko injin na aiki kafin ku ɗauko ta. In an ba ta dexamethasone saboda kumburi, kada ta daina farat ɗaya.

In likita ya ce tucatinib ya dace da ita, ku saya ta kantin maganin asibiti, domin jabun magungunan daji na yawo a kasuwa.